Yadda Yaranmu Za Su Amfana da Masu Kula da Walwalar Ɗalibai a Makaranta

Jawabin sashen kare haƙƙi ga iyaye a Gambaga, kamar yadda mai fassarar sashen ya gabatar da shi da Hausa. Mun buga shi a nan domin iyalan da ke Tarikom, Bawku, Yendi da Salaga. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Mun san wasu sun baro gona, wasu sun baro kasuwa, wasu sun bar tukunya a kan wuta. Allah ya saka da alheri.

A wannan zama akwai waɗanda suka tsallako daga Burkina Faso tun daga 2022, lokacin da hare-hare suka tsananta a garuruwan kan iyaka. Akwai kuma 'yan ƙasa waɗanda rikicin Bawku ya raba da gidajensu. Takardunku ba iri ɗaya ba ne, amma yaranku a benci ɗaya suke zama, kuma damuwarsu ta yi kama da juna. Maganarmu ta yau a kan yaran ne. A makarantun ƙasar nan akwai mutanen da aka ɗora wa aikin sauraron damuwar ɗalibi da nema masa mafita. Abin da muke gani shi ne, yaron da ya fi kowa buƙatar waɗannan mutane shi ne na ƙarshen zuwa wurinsu, wani ma sai ya bar makarantar ba tare da ya taɓa buɗe musu baki ba. Muna so mu gaya muku su wane ne, me ke hana yaro zuwa, da kuma abin da ke sa ya yarda a ƙarshe.

Su wane ne waɗannan mutane?

Waɗanda suka zo daga Burkina sun san ofishin da ake kira Aksiyon Sosiyal. A Ghana aikin nan a rarrabe yake a hannun mutane da yawa, shi ya sa yake rikitar da baƙo.

A cikin makaranta akwai malamin ba da shawara. A makarantu da yawa, musamman na ƙauye, ɗaya ne daga cikin malaman da ke koyarwa, hedimasta ya ƙara masa wannan aiki. Sau da yawa ba shi da ɗaki na kansa, a gindin bishiya ko bayan an tashi yake ganin yara. Akwai kuma malamin da ke kula da lafiyar ɗalibai. A ofishin ilimi na gunduma, kamar wanda ke nan Gambaga, akwai jami'in da ke kula da masu ba da shawara, da jami'ar ilimin 'ya'ya mata. Hukumar ilimi ta Ghana ta kafa sashen 'ya'ya mata tun 1997.

A wajen makaranta akwai ofishin kula da jin daɗin jama'a a majalisar gunduma, wanda mutane ke kira Soshal. Su ne ke bin maganar maraya, da yaron da aka rabu da iyayensa a hanya, da uban da ya ƙi ciyarwa. In maganar duka ce mai tsanani ko fyaɗe, 'yan sanda suna da sashe na musamman da ake kira DOVVSU. Sai mu, sashen kare haƙƙi, da muke aiki tare da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana da UNHCR. Aikinmu mu haɗa ku da wanda ya dace, mu kuma bi maganar har mu ga inda ta tsaya.

Wannan haƙƙi ne, kada wani ya ɗauka alfarma ake yi masa. Ghana ta shiga yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 tun 1963, kuma yarjejeniyar ta ce a karatun firamare a ɗauki ɗan gudun hijira daidai da ɗan ƙasa. Ghana ce kuma ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin yara, a 1990. Dokar Yara ta 1998 ta hana a nuna wa yaro bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa, naƙasarsa ko kasancewarsa ɗan gudun hijira.

Me ke hana yaro zuwa?

Na farko tsoro. A inda wasunku suka fito, mutumin da ke rubuta sunaye abin gudu ne. Suna ya shiga takarda da rana, da dare a zo neman mai shi. Yaro ya ga wannan da idonsa, ko ya ji ana raɗa a ɗaki. Kun kuma tuna watan Yulin 2023, lokacin da aka sami rahotannin mayar da ɗaruruwan mutane Burkina daga arewacin Ghana, har UNHCR ta fito ta yi kira a daina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka in malama ta ɗauko biro ta ce, "Ina sunan babanka?" sai yaro ya yi shiru. Ba mu ga laifinsa ba. Amma ku gaya masa malamar shawara ba jami'ar shige da fice ba ce, kuma kasancewar sunan iyali a rajistar Hukumar 'Yan Gudun Hijira kariya ce gare ku.

Na biyu kunya. Yarinyar da ba ta da audugar mata ba za ta faɗa ba, sai dai ta zauna gida kwana huɗu ko biyar kowane wata. Yaron da bai karya ba zai ce kansa ke ciwo. Wanda takalminsa ya tsinke zai ce ba ya son makarantar. Mu kanmu haka aka tarbiyyantar da mu, cewa ba a kai talaucin gida waje. Tarbiyya ce mai kyau, amma in ta kai ga yaro ya bar karatu saboda abin da za a iya gyarawa a mako guda, ta yi masa illa.

Na uku harshe. Yaron da ya yi aji huɗu ko biyar da Faransanci ya zo ya tarar da Turanci. A gida Mosanci yake ji, ko Bisa, ko Fulatanci, a filin wasa kuma Mampruli ko Kusaal ake yi. A can shi ne na gaba a aji, a nan ko neman izinin fita ba ya iyawa. In an mayar da shi ƙaramin aji, ga shi ƙato a cikin ƙanana, ana yi masa dariya. Wanda bai iya cewa "ina jin ƙishirwa" da harshen malami ba, ta yaya zai gaya masa abin da ke hana shi barci?

Na huɗu abin da yaro ya ji a gida. In uba ya ce, "Kada ka kuskura ka gaya wa kowa maganarmu," to an rufe ƙofar. In uwa ta ce, "Mutanen Soshal ƙwace yara suke yi," an sa mata kwaɗo. Yaro ba zai saɓa wa iyayensa don malami ba, kuma ba ma so ya saɓa.

Na ƙarshe, yara da yawa suna zaton wannan taimako na 'yan gari ne kawai, ko kuma na marasa ji ne, waɗanda hedimasta ke turawa in sun yi laifi. Ba wanda yake so a gan shi yana shiga inda ake kai masu laifi.

Yadda yaro ke fara yarda

Mu masu fassara muna zaune a tsakiya, tsakanin yaro da jami'i, don haka muna ganin yadda abin ke tafiya. Kusan kullum hanya ɗaya yake bi.

Yaro ba ya fara zuwa da babbar magana. Yakan zo da ƙarama: ba shi da littafin rubutu, rigar makaranta ta yage, yana so a sauya masa wurin zama don ba ya ganin allo. Wannan ƙaramar buƙata gwaji ce. Yana so ya ga ko za a yi masa tsawa, ko za a yi masa alkawari a manta, ko gobe zai ji maganar a bakin 'yan aji. In aka ba shi littafin ba tare da an kira shi gaban jama'a ba, ya riƙe wannan a ransa.

Sannan da wuya ya zo shi kaɗai. Aboki ne ke kawo shi, ko yaya, ko wata yarinya da aka taɓa taimaka wa. Maganar yaro ɗan'uwansa ta fi tamu nauyi a wurinsa. Shi ya sa ƙungiyoyin ɗalibai na bayan tashi, na 'yan mata da na ƙwallo, suke da amfani. A can yaro yake ganin malamar tana dariya, tana kiran yara da sunayensu, kafin ranar da zai buƙace ta.

Bayan haka yana jiran izinin gida. Ba sai an rubuta takarda ba. Ya isa uwa ta ce, "In wani abu ya dame ki a makaranta, ki gaya wa malama, na san ta." Ko uba ya je sau ɗaya ya gaisa da malamin a gaban ɗansa. Yaro ya ga hannun babansa a hannun malami, ya san ba cin amanar gida zai yi ba.

Sai an wuce waɗannan ne babbar maganar take fitowa, wani lokaci bayan wata biyu, wani lokaci bayan zango guda. A lokacin ne za a ji cewa yana firgita in ya ji ƙarar babur, ko yana fitsarin kwance tun daren da aka gudu, ko wani babba yana tare ta a hanyar rijiya, ko ana maganar aurar da ita bayan girbi. Sannu ba ta hana zuwa. Kada ku ce malamin ba ya komai don kun ga wata guda ya wuce ana maganar fensir.

In aka taimaki yaro bai ji kunya ba, shi ne zai kawo na gaba. Ta haka ƙofar ke zama tasu.

Abin da garuruwan nan suka riga suka gani

Ba ku ne farkon waɗanda suka zo garuruwan nan a guje ba, kuma ba yaranku ne farkon waɗanda suka ji tsoron makaranta ba.

A nan Gambaga, fiye da shekara ɗari ke nan ana ba da mafaka ga matan da aka kora daga ƙauyukansu bisa zargin maita, a ƙarƙashin kariyar sarkin gari, Gambarana. Sau da yawa akan haɗa tsohuwa da jikanya don ta ɗebo mata ruwa da itace. Wannan yarinya ba ta yi wa kowa komai ba, amma zargin da aka yi wa kakarta yana bin ta har aji. Tun 1994 cocin Presbyterian yake da shiri a wurin, na taimakon matan, da sasanta su da danginsu don su koma gida, da tallafa wa karatun yaran da ke tare da su. Irin wannan aiki ba a yin sa da zuwa ɗaya. Sai an yi ta komawa, an zauna da tsohuwa, an san danginta, kafin ta yarda ta saki jikar da ita ce hannunta da ƙafarta.

A ƙasar Dagomba, bayan yaƙin 1994 da ya raba dubban mutane da ƙauyukansu a yankin Yendi da kewaye, a 1995 aka fara wani shiri mai suna School for Life domin yara 'yan shekara 8 zuwa 14 da ba sa makaranta. Iyayen da suka ƙi kai yara boko sun yarda da wannan. Dalili kuwa, mai koyarwa ɗan ƙauyen ne, mutanen gari ne suka zaɓe shi. Da harshen gida ake karatun. Da rana ake yi, bayan yaro ya taimaka a gona. Bayan wata 9 sai a shigar da shi makarantar gwamnati a ajin da ya dace da shi. Daga baya gwamnati ta karɓi wannan tsari ta faɗaɗa shi. In kuna da yaro da ya girma bai taɓa shiga aji ba, ku gaya mana, mu tambaya ko akwai irin wannan aji kusa da ku.

A zangunanmu ma haka aka yi. Kakanninmu sun daɗe suna gudun boko don tsoron kada yaro ya bar addini. Da aka sami makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci, gwamnati kuma ta kafa sashen ilimin Musulunci a 1987, ana ganin malamin allo da malamin gwamnati a harabar makaranta ɗaya, sai iyaye da yawa suka saki jiki.

Mutanen Salaga kuwa sun san labarin Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin Salaga, shi ma ya fita cikin waɗanda suka fita. Ya je ya zauna a Kete Krachi, ya ci gaba da karantarwa da rubutu har ya rasu a 1934, kuma har yau ana ambaton sunansa. Ya bar gida a dole, amma bai bar karatu a can ba.

Abin da muka ɗauka daga waɗannan shi ne, mutane suna karɓar taimako in ya zo ta hannun wanda suka sani, da harshen da suke ji, ba tare da an ci mutuncinsu ba. Wannan muke nema wa yaranku, kuma in kun ga ba haka ake yi ba, kuna da ikon faɗa.

Sirri da iyakarsa

Za mu gaya muku gaskiyar wannan, don kada wani ya ce an ɓoye masa.

Abin da yaro ya faɗa wa malamin shawara ko jami'inmu ba a kai shi ɗakin malamai, ba a gaya wa maƙwabta, ba a gaya wa shugaban unguwa. Mu masu fassara ma ƙa'idar ta hau kanmu. Abin da kunnenmu ya ji, bakinmu ya juya zuwa wani harshe, a wurin yake tsayawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In mai fassarar da aka kawo ɗan unguwarku ne, ko kuna da wata alaƙa da shi, ku ce a sauya. In yarinya ta fi son mace ta fassara mata, ta faɗa. Ba wanda zai ji haushi.

Amma sirrin yana da iyaka. In ana cutar da yaro, ko rayuwarsa tana cikin haɗari, ko ana shirin aurar da shi kafin lokaci, dole a sanar da ofishin Soshal. Dokar Yara ta ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro nauyin kai rahoto, malami ne ko maƙwabci. Ko a nan ma, ana gaya wa yaron tukuna wanda za a sanar da kuma dalili.

Game da ƙwace yara: talauci ba dalili ba ne na raba yaro da iyayensa. Rashin takalmi, rashin abinci, zama a tanti, duk ba sa sa a ɗauke ɗa. Inda aka ga yaro yana cikin haɗari a fili, doka ta ba jami'in Soshal damar kai shi wuri mai aminci na kwanakin da ba su wuce 7 ba, daga nan sai kotun iyali ta duba maganar, kuma ana sauraron iyaye. Mafi yawan maganganu ba sa kaiwa nan. A zaune ake gama su, da iyaye, wani lokaci da limami ko fasto ko dattijon dangi.

Kuma ku riƙe wannan da kyau: ganin malamin shawara kyauta ne, ganin jami'inmu kyauta ne. Duk ma'aikacin da ya nemi kuɗi, ko kaza, ko ya nemi 'yarku ta same shi a wani wuri don ya sa sunanta a takarda, ya karya doka. Ku kawo mana maganar ko ku sa ta a akwatin ƙorafi. Ba za a rage muku komai na tallafi don kun yi ƙara ba.

Maganganun da bai kamata a jira ba

Aure. A dokar Ghana ba a aurar da yaro, mace ko namiji, kafin shekara 18, kuma ba a tilasta masa baiko. Mun san wani uban ba mugunta ke sa shi ba. Yana ganin baki ya yi yawa a tanti, yana tsoron abin kunya, yana so 'yarsa ta sami inuwa. Ku zo mu duba matsin da ya kawo maganar, kafin a karɓi kayan kowa.

Ciki. Tun 2018 hukumar ilimi ta fitar da ƙa'ida cewa ba a korar yarinya don ta yi ciki. Tana iya ci gaba da zuwa, ta haihu, ta dawo. Jami'ar ilimin 'ya'ya mata ce ke bin wannan. In yarinyar ƙarama ce, akwai kuma maganar wanda ya yi mata, kuma ba maganar da za a rufe da goro ba ce.

Aiki. Doka ta yarda da aiki mai sauƙi daga shekara 13, aikin ɗauka daga 15, aiki mai haɗari kuwa sai 18. Taimakon gona da kiwo bayan an tashi ba laifi ba ne. Ramin zinariya na galamse yana cin rayuka. 'Yan mata da yawa daga wannan yanki suna tafiya kayaye a kasuwannin Kumasi da Accra, suna kwana a bakin shaguna. In kun ji 'yarku ta fara tambayar kuɗin mota zuwa kudu, ranar ce ranar magana da malamarta.

Firgita. Yaron da ya daina magana, ko yake ihu cikin barci, ko yake faɗa da kowa alhali da ba haka yake ba, ba lalacewa ya yi ba. Abin da ya gani ne yake cinsa. Ku yi masa addu'a, ku kai shi wurin malam in kuna so, amma ku haɗa da gaya wa malamin shawara. A asibitocin gunduma akwai ma'aikatan jinya masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin yaro ya haukace.

Naƙasa. Kada a ɓoye yaro a ɗaki don ba ya ji, ko ba ya gani, ko ba ya tafiya. Akwai makarantar kurame a Gbeogo kusa da Bolgatanga, da wata a Savelugu, da makarantar makafi a Wa. Yara da yawa masu naƙasa kuma suna iya zama a makarantar unguwa in an gyara musu wurin zama.

Duka. Hukumar ilimi ta hana bulala a makarantu, a 2019 kuma ta umarci malamai su koma ga wasu hanyoyin horo. In an ji wa ɗanku rauni, kada ku je da faɗa, kada kuma ku cire shi ku yi shiru. Ku zo mu je tare.

Jarrabawa. Tsarin nan shi ne shekara 2 na rainon yara, 6 na firamare, 3 na ƙaramar sakandare, sai jarrabawar BECE. Tun Satumbar 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, amma ta BECE ake shiga. In ɗanku yana ajin ƙarshe ko na kusa da shi, ku kawo takardunsa da wuri a duba ko sunansa da shekarunsa sun yi daidai a ko'ina. Wanda ya zo da takardar makarantar Burkina, ko ta yage, ya adana ta, tana taimakawa wajen sa yaro a ajin da ya dace. Jaririn da aka haifa a nan kuma a yi masa takardar haihuwa kafin ya cika shekara, a lokacin kyauta ce.

Akwai taimakon da ya riga ya kasance amma yaro ba zai samu ba sai ya yi magana. Tun 2005 ake ciyar da yara sau ɗaya a rana a makarantun gwamnati da ke cikin shirin, ko da yake ba kowace makaranta ce a ciki ba. A 2025 gwamnati ta fara raba audugar mata kyauta ga 'yan mata a makarantu. Kayan ba kullum suke isowa a kan lokaci ba, kuma malami ɗaya yana iya riƙe da yara masu yawa. Ba za mu yi muku alkawarin cewa duk abin da aka nema za a samu ba. Alkawarinmu shi ne za a saurara, za a rubuta, za a dawo muku da amsa ko da amsar ita ce babu a yanzu.

Abin da muke roƙonku

Cikin makon nan, kowane gida ya tambayi yaransa sunan malamin shawara na makarantarsu. In yaro bai sani ba, ku je ku tambayi hedimasta. In ba ku jin harshen, ku zo mu haɗa ku da mai fassara.

Ku je ku gaisa da malamin sau ɗaya, yaron yana tsaye yana gani. Ba sai da matsala ba, gaisuwa kawai.

Ku faɗa wa yaro da bakinku cewa kun yarda ya yi magana da wannan malami. Iyayenmu maza, wannan kalma daga bakinku ta fi nauyi, ga 'ya'ya maza da mata duka.

In yaro ya faɗi wata magana a makaranta ta dawo muku, kada ku dake shi don ya faɗa. In aka dake shi sau ɗaya, shi da ƙannensa sun rufe baki ke nan.

In yaro ya yi kwana uku bai je makaranta ba ba tare da ciwo ba, ku binciki dalili a hankali. Kwana uku suna zama wata, wata yana zama shekara, sannan komawa ta yi wuya.

Ku kuma sa ido a kan yaran da ba su da mai zuwa taro irin wannan: marayu, da waɗanda suka tsallako ba tare da iyayensu ba, da waɗanda ke riƙe da kaka ko ƙanne. Ɗa na kowa ne. In akwai irinsu a kusa da ku, ku sanar da mu, ko ku riƙe hannunsu ku kai su tare da naku.

Malamanmu da shugabannin addini, muna roƙo ku ambaci wannan a masallaci da coci da wurin suna. Mutane za su ji daga gare ku fiye da yadda za su ji daga takarda.

Bayan an tashi za mu zauna a gefe. Mai tambayar da ba ya so ya yi a gaban jama'a ya same mu a can, mata akwai mace da za ta saurare su. Ranakun da ofishinmu yake buɗe suna rubuce a allon sanarwa.

Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya raya mana yaranmu, ya sa karatunsu ya amfane su ya amfane mu.